Ƙwallon da Ba Na Kawu Ba

Shafi na 19

Masu ta aiko da saƙo kan wasan ƙarshe na Gasar Bazara, duk na gani, na kuma gode da haƙurinku. Ga inda aka tsaya.

Rami biyu suka rage, Kawu yana gaban Auta da ɗaya. In ya ci wannan na sha bakwai wasa ya ƙare, kofi ya sake komawa falonsa.

Auta ba ta ji zafin haka ba. Mace ce mai jikoki, mai kantin magani, amma a ƙungiyar 'yan golf ta 'Yan Asabar ita ce ta ƙarshen shiga, shi ya sa sunan ya bi ta. Kawun nata, ƙanen mahaifiyarta, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya kafa ƙungiyar. Shi ne kuma ya damƙa mata sanda a hannu shekarar da mijinta ya rasu, ya ce ta fito ta sha iska kafin ɗaki ya cinye ta. Yau ga ta a wasan ƙarshe, ita da shi, 'yan ƙungiya suna biye da su a baya kamar masu rakiya.

Kawu ya soka tsinke a ƙasa, ya ɗora ƙwallo, ya karkata kansa gefe. Wannan karkata kan ya daɗe yana yi. Auta har man shafawa ta kawo masa daga kanti, ta ce na ciwon wuya ne, ya karɓa ya yi godiya.

Ya ɗaga sanda a hankali, ya sauke. Ƙarar bugun kaɗai ta isa a san hannu ne da ya san aikinsa. Mutum ya haura saba'in, amma kafaɗarsa tana juyawa kamar ƙofar da aka sa wa mai.

Mai Taya, wanda ba a taɓa buga ƙwallo a gabansa ya yi shiru ba, ya sa hannu a goshi.

"Injiniya, yau ma dama ta ja ka. Can gindin bishiyar nan mai rassa biyu, cikin doguwar ciyawa. Ko akwai wadda ka ajiye a gindin bishiyar ne ba mu da labari?"

"Wadda na ajiye tana gida," in ji Kawu. "Ta ce in tambaye ka yaushe za ka koyi rufe baki."

Aka yi dariya. Auta ta buga nata, shi ma ya bi dama, ya ɗan wuce na Kawu ya tsaya a bakin ciyawar.

Mai Taya ya riga kowa gaba, kamar kullum. Da ya isa gindin bishiyar sai ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi. Kawu ya miƙe kai tsaye zuwa inda yake, ya ce ya matsa da tumbinsa, ya gyara tsayuwa. Rassan sun sauko ƙasa sosai, babu hanyar ɗaga ƙwallo sama. Sai ya matse sanda, ya buga shi ƙasa-ƙasa. Ƙwallon ya ratsa ƙarƙashin rassa, ya yi tsalle, ya hau lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ya gangara har kusa da tuta.

Tafi ya ɓarke. Auta ma ta tafa, da zuciya ɗaya. Irin wannan bugun ne take tashi da sassafe ranar Asabar don ta gani.

Kawu ya saɓa sandarsa ya wuce gaba, jama'a suka bi shi. Ita kuma ta ratsa cikin ciyawar za ta wurin nata ƙwallon, sai ƙafarta ta kusa taka wani abu fari.

Ta duba. Ƙwallo ne, ɗigo uku ja a jikinsa.

Duk ƙungiyar babu wanda bai san alamar nan ba. Kowa yana da tasa, ta Kawu kuwa tun kafin Auta ta san mene ne golf take ɗigo uku ja.

Ta ɗaga kai. Mai Taya bai tafi ba. Yana tsaye yana kallon inda take kallo, fuskarsa ta sauya. Ya matso, ya ɗora takalminsa a kan ƙwallon.

"Ɗaga ƙafarka," ta ce.

"Auta, don Allah."

"Ɗaga."

Ya ɗaga. Ta yafito Alƙali, tsohon alƙalin kotu mai ritaya, aminin Kawu tun ƙuruciya, wanda yau shi ke alƙalancin wasan. Ya zo yana dogara sandar lemarsa, ya duba ƙasa.

"Baba Alƙali, ga ƙwallon Kawu nan. Wanda ya buga ba nasa ba ne."

"Na gani."

"Kai ka koya mini dokar. Wanda ya buga ƙwallon da ba nasa ba ya faɗi ramin."

"Ni na koya miki."

"To?"

Alƙali ya juya ga Mai Taya. "Kai kuma yaya aka yi?"

"Ranka ya daɗe, fari na hango a cikin ciyawa na tsaya a kansa. Ashe wani ne ya yar da shi tun yaushe. Ban duba ba. Wallahi kullum ina dubawa, yau ne kawai."

Auta ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ka tsaya a kansa? Kai me ya kai ka tsayawa a kan ƙwallon Kawu?"

Mai Taya ya dubi Alƙali.

"Da ku nake."

Alƙali ya sauke murya. "'Yata, kawunki ba ya gani."

"Ba ya gani kamar yaya? Ga shi can yana tafiya shi kaɗai."

"Gefe-gefe yana gani, yana ganin hanya, yana ganin inuwar mutum. Tsakiyar idon ce ta tafi. Abin da ya kalla kai tsaye, shi ne ba ya gani. In ƙwallo yana gaban ƙafarsa sai ya karkata kai ya kamo shi da gefen ido. Da zarar ya tashi sama, shi ke nan. Tuta kuwa ya manta rabon da ya gan ta."

Sai Auta ta tuna. Man ciwon wuya. Ita mai kantin magani, wadda ke hango ciwo a fuskar baƙo tun daga bakin ƙofa.

"Shi ya gaya muku?"

"Shi? Ai bai san mun sani ba," in ji Mai Taya. "Bara ne, farkon bazara, ya tsaya ya yi wa jakar sandunana sallama, har yana tambayar ta iyali."

"Ba abin dariya ba ne," in ji Alƙali.

"Ban yi dariya ba, ranka ya daɗe. Ranar bayan gida na shiga na yi kuka."

"Su waye suka sani?"

"Kowa," in ji Alƙali. "Ban da ke."

Ya ci gaba da magana a hankali, idonsa a kan jama'ar da suka yi nisa. Surutun Mai Taya ba surutu ba ne, shi ke faɗa wa Kawu inda ƙwallo ya sauka. Igiyar takalminsa lafiyarta ƙalau. Likitan haƙori, da ake ta tsokana kan rigarsa ruwan ɗorawa mai kashe ido, don Kawu ya saye ta, shi ke tsayawa a bayan tuta kowane rami. In an zo gangara ƙwallo cikin rami, wanda ya riƙe tuta sai ya yi tari ko ya jefa wata magana, Kawu ya auna muryar. Ba a taɓa zama an tsara ba. Kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ke yi, ya nemi nasa.

"Ni me ya sa aka ɓoye mini?"

"Jininsa ce ke. Kuma fuskarki ba ta iya riƙe magana."

"Kin san abin da ya sha faɗa," in ji Mai Taya. "Ranar da ya kasa ganin ƙwallonsa, ranar zai raba sandunansa ya zauna a gida. Kin kuma san Injiniya bai taɓa faɗin abu ya fasa ba. In ya gane an gane, ba za mu ƙara ganin ƙafarsa a filin nan ba. To ya zauna a gida ya yi me? Ya saurari agogo?"

Ta sani. Ta ji maganar daga bakinsa ba sau ɗaya ba.

"Baba Alƙali, kai me ka yanke?"

Tsohon ya goge gilashinsa da gefen riga.

"Shekarun da na yi a kan kujera ban taɓa kau da kai ba. Yau ina roƙon ki ki bar ni in kau. Ban ga komai a cikin ciyawar nan ba. In ke ba ki yi magana ba, babu magana."

"Wato ni zan ɗauki nauyin."

"Ke ce abokiyar karawarsa. Hakkin naki ne."

Auta ta sunkuya ta ɗauki ƙwallon, ta sa a aljihun rigarta. Ta je ta buga nata. Ita kanta ba ta san yadda aka yi ya hau lallausar ciyawar ba, can nesa da tuta.

Da suka iso, Kawu yana tsaye yana jiran ta.

"Auta, kun yi taron dangi ne a gindin bishiya?"

"Takalmin Mai Taya ne ya sake kwancewa, Kawu."

"A haɗa masa kuɗi a sayo masa silifa."

Ta gangara nata, ya tsaya dab da rami, ta ƙarasa shi. Bugu huɗu. Kawu yana da biyu, in wannan ya shiga uku ke nan.

Yanzu da ta sani, sai ta ga komai. Ta ga yadda ya taka daga ƙwallo zuwa rami ya dawo, ba don nazari ba, tafin ƙafarsa ke karanta gangaren ƙasa. Ta ga Likitan haƙori ya riƙe tuta, ya yi ɗan tari, ya ce ƙurar ciyawa ta dame shi. Ta ga Kawu ya juya fuskar sanda zuwa wajen tarin, kaɗan, kamar mai gyara hoto a bango.

Ya taɓa ƙwallon. Likita ya zare tuta. Ƙwallon ya bi gangare, ya lanƙwasa, ya faɗa rami.

Kawu bai ɗaga kai ba sai da ya ji ƙarar faɗawarsa.

Jama'a suka ɗauki tafi. Ya sunkuya ya zaro ƙwallon, ya cire hularsa, ya nufo ta da shi a tafin hannu. Al'adar 'Yan Asabar ce, wanda ya ci wasan ƙarshe yakan ba wanda ya kayar ƙwallon da ya ci da shi. In an karɓa, wasa ya rufe.

"Ungo, 'yar Yaya. Kin wahalar da ni yau. Baɗi naki ne."

Ta dubi hannun. Ta dubi Alƙali, ya sunkuyar da kai. Mai Taya yana girgiza mata kai a hankali.

Abu ne mai sauƙi. Ta miƙa hannu kawai, kowa ya tafi shan shayi.

Sai ta tuna watanta na farko a filin nan, ranar da ƙwallonta ya motsa a cikin ciyawa babu wanda ya gani, ta yi shiru. Kawu bai yi mata faɗa ba. Cewa ya yi, wasan nan ba shi da ɗan sanda, in kana son mutum ka gaya masa bugunsa nawa.

Ba ta miƙa hannu ba.

"Kawu, ƙwallon nan ba naka ba ne."

Tafin ya mutu.

"Me kika ce?"

"Wanda ka buga a gindin bishiya ba naka ba ne. Ga naka." Ta zaro shi daga aljihu. "A cikin ciyawa na same shi, gaba kaɗan."

Kawu ya ɗaga ƙwallon da ke hannunsa zuwa fuskarsa. Ya karkata kai. Ya juya shi, ya sake juyawa. Kowa yana kallo, babu mai motsi. Yana iya cewa alamar ce ta goge. Yana iya cewa bai duba ba, kowa yakan yi wannan kuskuren, da an yi dariya an wuce.

Ya sauke hannu.

"Wace alama ce a jikinsa?"

Auta ta duba. "Layi ne kore, Kawu."

"Kore." Ya jinjina kai. "To. Ramin naki ne. Mun yi kunnen doki."

"Injiniya, laifina ne," in ji Mai Taya. "Ni na tsaya a kan wanda ba shi ba, ban duba..."

Alƙali ya daka masa lema a ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Kawu ya juya a hankali zuwa wajen muryar.

"Ka tsaya a kai."

Mai Taya ya dubi takalminsa.

"Kai Mai Taya, igiyar takalminka nawa ta kwance a shekarar nan?"

"Injiniya..."

"Likita, tarin nan naka da ba ya jin magani. Ashe ba tari ba ne." Ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ni kuma ina ta murna Allah ya haɗa ni da masu surutu da masu mura. Ina cewa dabarata ce. Alƙali, kai ma?"

"Ni na fara."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Kafin gasar bara ko bayanta?"

"Kafin."

Kawu ya mayar da hularsa.

"Wato kofin da ke falona sadaka ce."

"Haba, tsoho."

"Kun zauna kuna kallon makaho yana wasa, kuna tafa masa kamar yaron da ya fara tafiya."

Ya sa sandar a jaka. Ya ja jakar mai ƙafafu, ya bi hanyar da ta ratsa tsakanin shuke-shuke. A gaba hanyar ta rabu biyu, hagu zuwa wurin bugun rami na sha takwas, dama zuwa inda ake ajiye motoci, inda direbansa ke jira. Ya ɗauki dama.

Babu wanda ya iya bin sa. Auta ce ta bi.

"Kawu."

Bai tsaya ba.

"Kawu, tsaya, ƙafata ba ta kai taka sauri ba."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki zaɓi sandunan da kike so. Sauran a raba wa yara masu koyo."

"Ba na so."

"Magana ce na yi tun da daɗewa, kowa ya ji."

"Na ji. Ka kuma karɓi man ciwon wuya a hannuna ka yi mini godiya."

Ya shafa wuyansa.

"Yana da kyau, man," ya ce. "Gwaggonki tana shafawa a gwiwa."

Dariya ta so ta kuɓuce mata tare da hawaye. Ta haɗiye duka biyun.

"Kawu, tambaya ɗaya zan yi. Wa ya buga ƙwallon nan a ƙarƙashin rassa?"

"Ƙwallon wani."

"Na ji, na wani ne. Wa ya buga shi? Mai Taya? Mai Taya da idonsa biyu, in ka ba shi ƙwallo goma a wurin nan, tara bishiya za su daka, na goma ya dawo masa a goshi."

Daga can baya Mai Taya ya ce, "Gaskiya ne."

Ashe sun biyo, sun tsaya nesa kaɗan.

"Sun gaya maka inda yake, sun gaya maka inda za shi. Babu wanda ya taɓa riƙe maka sanda. Duk wanda ka kayar bara yana ganin tuta, kai ba ka gani, ka kayar da shi. Ni ban san sadakar da ake bayarwa haka ba."

"Ba ki gane ba, Auta. Abin da ya fi ciwo, kowa ya sani, ni kaɗai nake ɓoyo."

"Ni ma ban sani ba sai ɗazu. Kuma da na sani, ban yi maka ƙarya ba. Na karɓe ramina."

"Kin karɓe."

"To saura ɗaya. In ka shiga motar nan, Baba Alƙali zai miƙo mini kofi, in kai gida, jikokina su tambaye ni yadda na ci. In ce musu me? Kawuna ne ya tafi ya bar mini? Kai ba ka son sadaka, ni ce zan so?"

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Shekara nawa ina jiran ranar da zan kayar da kai. Ba da tausayi zan buga ba, Kawu, ka ji na rantse. In na samu hanya sai na kai ka ƙasa a gaban abokanka."

"Ke?"

"Ni."

"Da wannan bugun naki mai bin dama kamar motar da tayarta ta sace?"

"Zo ka gani."

Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Ta dafe baki.

Kawu ya juyo. Ya karkata kai, ya kamo ta da gefen ido, ya daɗe a haka. Iska tana kaɗa sabon ganye a kansu. Direba ya hango su, ya tayar da mota.

Ya saki jakar a tsakiyar hanya. Ya laluba kawunan sandunan da yatsa, ya zaro mafi tsawo.

"Ba ni ƙwallona."

Ta sa masa a hannu.

Ya wuce ta, ya wuce Alƙali, ya wuce Mai Taya, jama'a suna buɗa masa hanya. Ya hau wurin bugun rami na sha takwas.

"Ke kika ci na baya, ke za ki fara."

Ta buga, ƙwallon ya tafi tsakiyar fili. Likitan haƙori ya zame a hankali zai gangara can gaba da rigarsa.

"Likita, dawo," in ji Kawu. "Na ji takunka. Mai Taya, in ka buɗe baki sai na sa maka sandar nan a ciki."

Ya soka tsinke, ya ɗora ƙwallo, ya miƙe. Ya tsaya yana fuskantar filin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki. Sannan ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Auta."

"Na'am, Kawu."

"Zo ki kama kafaɗata. Ina tutar take?"